Tiyo Ne Ya Rasu, Inji Na Nan da Ransa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kai a ɗage, ido kuma a bushe, dattijon nan Mai Fito yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da fasinjoji, har da masu jiran a ce ya gaza, rasuwar amintaccen abokin aikinsa, tiyon man injin jirginsa. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a tsakiyar ruwa, marigayin yana bakin aiki. Ya rasu yana da shekara goma sha uku, bayan doguwar jinya wadda ya sha bai taɓa kai kukansa wurin kowa ba.

Mai Fito ya roƙi a karanta bayanin da ke sama sau biyu, a kuma ɗaga murya saboda masu nauyin kunne. Tiyo ne ya rasu. Inji na nan da ransa, jirgi na kan ruwa, mai su kuma ko mura ba ya yi. Waɗanda suka yi kwana huɗu suna bin gida-gida da labarin cewa inji ya mutu, tsoho kuma zai hau tudu ya zauna, su nemi wani abin da za su jiƙa bakinsu da shi. Wannan ya ƙare.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, kuma suna da yawa domin bai iya nuna kai ba, shi ne baƙar robar nan da ke kwance a ƙasan jirgi, mai kai fetur daga tanki zuwa inji. A tsakiyarsa akwai famfon roba mai kamar ƙwan agwagwa, wanda ake matsawa kafin a ja igiya, don mai ya hau. Ya shigo hannun Mai Fito da tsawon kamu shida, yana sheƙi, yana warin sabuwar roba. Tun daga ranar bai taɓa fashin aiki ba. An taka shi da takalmi, an taka shi da kofato, an ɗora masa buhun gawayi da keken ɗinki da akwatin amarya. Wani bunsuru ya taɓa kama shi da haƙori tun daga wannan gaɓa har waccan, bai ce uffan ba. Rana ta gasa shi, ruwa ya jiƙa shi. Fasinja ya sauka ya gode wa inji, ya gode wa mai tuƙi, wani har ya shafa gefen jirgin, amma ba a taɓa samun wanda ya sunkuya ya ce wa tiyo sannu ba.

Maganarsa kaɗan ce, kuma kullum ita ce dai. Da safe in Mai Fito ya kwance murfin iskar tanki ya kama famfo, sai marigayin ya ce fuf, fuf, fuf, a hankali, kamar tsoho na hura shayi. A matsa ta bakwai sai ya ce ƙut, ya yi tauri a hannu. Ma'anar ƙut ita ce mai ya iso, a ja igiya. Shekara goma sha uku bai taɓa cewa ƙut da ƙarya ba.

Jinyarsa ta faro ne daga baki. A shekara ta huɗu ya tsage a daidai inda zoben ƙarfe ke riƙe shi a jikin inji, sai Mai Fito ya sa reza ya yanke faɗin yatsa biyu, ya mayar ya ɗaure. Bayan wata shida ya sake tsagewa, aka sake yankewa. Haka suka yi ta yi, shi yana tsagewa, ana rage shi. Da yake tiyo ba ya tsiro, sai tanki ne ya riƙa biyo shi. Tankin da a da yake zaune a tsakiyar jirgi ya fara ja da baya, benci bayan benci, har matan da ke kai kayan lambu kasuwar tsallake suka fara yaba wa Mai Fito cewa ya ƙara faɗin jirgi. Bai ƙara komai ba. A shekarar ƙarshe tankin ya iso har ƙarƙashin ƙafafunsa, yana tuƙi gwiwoyinsa na kusa da haɓarsa, marigayin kuma ya dawo kamu ɗaya da ɗani, rabin jikinsa naɗe da tsohon tuf ɗin keke. An sha ce wa Mai Fito ya sayi sabo. Ya sha cewa wanda bai gaji da shi ba, shi ma ba zai gaji da shi ba.

To amma akwai dalilin da bai faɗa wa kowa ba, kuma yau ya ce a rubuta, tunda babu sauran abin ɓoyewa. Babban halin marigayin shi ne rufin asiri. Shekara uku ke nan ciwon gaɓɓai ya kama yatsun Mai Fito, sun kanannaɗe, da safe ma ba sa rufuwa. Shi kuwa famfon ya tsufa tare da hannun, ya yi laushi tiɓis, yatsa biyu sun ishe shi. Yadda hannu ke raguwa haka roba ke sassautawa, babu wanda ya ji tsakaninsu. Mai Fito ya san ranar da sabon famfo ya shigo jirgin, ranar za a gane.

Wadda yake gudun ta gane kuwa ita ce babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin tsallake. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata, kuma ta ɗauki sunan da gaske. Shekaru ta yi ba ta shiga jirginsa. Ta gwammace ta zagaya ta gada a motar haya, tafiyar awa guda, don ta nuna masa ba ta yarda mutum mai shekara saba'in ya ci gaba da wasa da ruwa ba. Ta daɗe da gyara masa ɗaki a gidanta: gado, talabijin, kujera mai matashi mai taushi, da taga mai kallon katangar maƙwabta. Ya taɓa zama a kujerar sau ɗaya, ya ce ta yi daɗi, ya tashi bai ƙara komawa ba.

Ranar Talatar nan motar haya ta ƙi samuwa, ga ta da aikin rana, sai ta gangaro mashigi da fararen kayanta ta shiga jirgi fuska a ɗaure. Ranar kuma marigayin ya zaɓa. Tun makon da ya wuce yake shan iska ta wata tsaga da ba a gani, inji na tari in an ƙara wuta, cikin tiyon kuma na zubar da wani baƙin gari. Suna kaiwa inda ruwa ya fi ja, sai aka ji marigayin ya ce tsiiii, siririyar murya, doguwa. Inji ya yi tari biyu ya yi shiru. Mai Fito ya matsa famfo, famfo ya lotse a hannunsa bai dawo ba. Wannan ce maganar marigayin ta ƙarshe.

Abin da ya biyo baya Mai Fito bai so a rubuta ba, amma mutum tara sun gani. Ya ɗauki filafili zai tuƙa, ya tsoma sau uku, a na huɗu ruwa ya fizge shi daga hannunsa kamar an karɓe wa jariri cokali. Jirgi ya juya ya fara bin ruwa. Uwata ce ta tattare farin siket, ta jawo filafili na biyu daga ƙarƙashin benci, ta tuƙa su har gaɓa, can ƙasa da mashigi, cikin laka.  Hannunsa kawai ta kama ta juya, ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take duba na marasa lafiya, sannan ta ajiye masa shi a kan gwiwa. Ya ce da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Da yamma aka taru a tsakar gidansa. Ya kafe a kan cewa tiyo ne kawai. Ta ce to, a sa sabo, in inji ya tashi a sake magana, in bai tashi ba a kira dillali, shi kuma ya tattara ya koma ɗakin da ta gyara masa. Aka ɗora aikin a kan mijin autarsa, bakaniken mota, mutumin kirki mai ladabi, wanda Mai Fito ke kira Injiniya. Injiniya ya san cikin mota kamar yadda ya san aljihunsa, sai dai mota ba ta da famfon matsawa, kuma bai taɓa tsayawa ya tambaya ba, don ana ce masa Injiniya. Ranar Alhamis ya zo da sabon tiyo a leda, ya hana surukinsa ko taɓa sukudireba, wai ya huta. Ya haɗa, ya ɗaure, ya matsa famfo har hannunsa ya gaji, ya ja igiya sau arba'in. Ya canja filogi ya sake ja. Inji ko tari bai yi ba. Sai ya cire hula, ya share gumi, ya durƙusa.

"Baba, sai haƙuri. Injin nan ya gama nasa. Wahalar da ya sha ranar Talata ce ta ƙarasa shi."

Aka sa dillali ya zo ranar Asabar da ƙarfe tara.

Kwana biyu Mai Fito bai gangara mashigi ba, abin da bai taɓa yi ba tun rasuwar mai ɗakinsa. Ya ji zafin abin ƙwarai, kuma ba ya jin kunyar faɗa. Ranar Asabar da rana ta fito sai ya ce ba baƙon hannu ne zai kwance injin da ya ciyar da 'ya'yansa ba. Ya ɗauki akwatin kayan aiki da filas ɗin ruwan zafi, ya sa gawar marigayin a aljihun riga, don tun ranar Talata bai rabu da ita ba, ya gangara shi kaɗai.

Ya zauna a bencin baya. Ya fito da tsohon ya shimfiɗa kusa da sabon, ba don komai ba sai don su ga juna. A jikin famfon marigayin akwai wata 'yar kibiya da hannu ya goge ta har ta kusa ɓacewa, kanta na kallon inji, kamar yadda take shekara goma sha uku. Ya duba na sabon. Kibiyarsa ɓaro-ɓaro, sabuwa fil, kanta na kallon tanki.

Famfon nan hanya ɗaya yake ba mai, inda kibiya ta nuna. Injiniya ya sa shi a juye. Duk matsar da ya yi ranar Alhamis, ɗan man da ya rage a wuyan inji yake zuƙowa yana mayar wa tanki. Da yunwa aka bar injin, sannan aka tsaya a kansa aka ce ya mutu. Masunta biyu da ke gyaran koma a gefe sun ce sun ji tsoho na dariya shi kaɗai har da tari, suka ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa shi.

Ya yi aikin yadda ake yin sa. Ya rufe murfin iska, ya kwance zobban ƙarfen, yana juya sukudireba da tafin hannu tunda yatsu sun ƙi. Ya zare famfo ya juya shi. Ya ga Injiniya ya yanke bakin tiyon a karkace, ya sa reza ya daidaita. Ya tsiyaya ruwan zafi a murfin filas ya tsoma bakin robar har ta yi laushi, ya tura ta ta shige har ƙarshe, ya ɗaure zobe ba sako-sako ba, ba kuma har ya ci roba ba. Ya buɗe matatar mai, ya tarar da ita cike da baƙin garin da marigayin ya zubar a jinyarsa, ya wanke ta da fetur ya mayar. Ya ja tanki ya kai shi tsakiyar jirgi, mazauninsa na asali, ya miƙe ƙafafunsa karo na farko cikin shekara guda. Ya buɗe murfin iska. Sannan ya kama sabon famfo.

Famfo ya ƙi lotsewa. Sabuwar roba ce, tauri gare ta kamar ɗanyen mangwaro. Ya sa hannu biyu, zafi ya harba masa har kafaɗa, robar ko motsi. Ya sa gwiwa, ta sulle. Yana ƙoƙarin taka ta da diddige sai ya ji ƙarar baro a kan tsakuwa. Dillali ne a gaba, Injiniya na tura masa baro, Uwata na biye da su, bayansu kuma 'yan kallo, don labarin sayar da inji ya zaga.

Ita kaɗai ta shigo jirgin. Ta dubi tanki a tsakiya, ta dubi kibiya, ta dubi ƙafarsa a kan famfo. A jirgin nan ta girma, tun ana amfani da kakan marigayin, ba ta buƙatar a yi mata bayani. Ya ɗauke ƙafar. Zai iya cewa tsautsayi ne, zai iya cewa duba wani abu yake. Bai ce ba.

"Uwata, injin nan lafiyarsa ƙalau. A juye aka sa famfo, na gyara. Matsawa ce ta rage, ita ce kuma ba zan iya ba." Ya ɗaga mata hannuwan. "Ga su nan, kin riga kin gani. Su ne suka gaza, ba ni ba. Idona na ganin ruwa, na san inda kowane dutse yake kwana. In kin ga dama ki bar shi haka, a ɗora a baro, babu wanda zai san abin da na faɗa miki."

"Baba, da ranar Talata ba na cikin jirgin fa?"

"Da na sha kunya a wurin wasu, ba a wurinki ba."

"Ba kunya nake faɗa ba, Baba. Ruwa nake faɗa."

Ya san gaskiya ta faɗa. Dillali ya yi gyaran murya daga gaɓa, ya duba agogo. Ta daɗe a tsaye. Ba abin da ake nema a wurinta sai ta bar hannunta a inda yake, ɗakin da ta gyara ya samu mai shi. Sai ta tsuguna, ta ɗaga famfon ta sa kan kibiya na kallon sama, yadda ya koya mata tana 'yar shekara takwas, ta matsa. Fuf. Fuf. Muryar ba irin ta marigayin ba ce, ta fi kauri, babu ladabi a cikinta tukuna. A ta tara ya ce ƙut.

Mai Fito ya naɗa igiya a wuyan hannu ya ja da kafaɗa. A ja na biyu inji ya amsa, ya watsa hayaƙi a fuskar dillali, tsuntsayen gaɓa suka tashi gaba ɗaya. Injiniya ya saki baro ya riƙe baki.

Ta sunkuyo kusa da kunnensa saboda ƙara. "Ka ji sharaɗina, Baba. Na bar motar gada. Kullum ƙarfe bakwai ina nan, ni zan matsa, da ni za a yi tsallaken farko. Ba ka fita sai da mai hannun riƙe filafili a jirgi. Ranar da na duba na ce a'a, to a'a ce."

"Dama abin da nake shirin ce miki ke nan," in ji shi. Ba shi yake shirin cewa ba, kuma dukansu sun sani.

Marigayin ya rasu ya bar inji ɗaya mai ƙarfin doki goma sha biyar, wanda aka yi wa ƙaryar mutuwa kuma ya yafe. Ya bar tanki, wanda ya bi shi har ƙarshen jirgi bai taɓa ƙorafi ba, da zobban ƙarfe biyu da suka riƙe shi har numfashinsa na ƙarshe, da igiya, da farfela. Ya bar magaji, sabon tiyo, yaro ne mai taurin kai amma ana sa ran zai yi laushi. Ya kuma bar tsoho ɗaya da asirinsa a buɗe, wanda ya ce bai san haka abin yake da sauƙin ɗauka ba.

Ga yadda aka tsara rabuwa da shi. Ba za a yi masa salla ba, roba ce, an san iyaka. Ba za a jefa shi a ruwa ba, domin duk rayuwarsa aikinsa shi ne kada ruwa ya shiga inda bai kamata ba. An raba shi uku. An tsaga kashi na farko an naɗa a mariƙin filafili, inda yatsun Mai Fito za su samu abin kamawa, saboda haka marigayin zai ci gaba da rufa asiri gwargwadon hali. Famfon an ba Injiniya, bayan an bi kibiyar da farin fenti, kuma shi da kansa ya rataye shi a ƙofar garejinsa. Mai Fito ya ce duk wanda ya ƙara tsokanar surukinsa a kan wannan magana, da shi yake yi, don shi kaɗai ke da wannan izini. Kashi na uku, ɗan guntu mai tsawon yatsa, Uwata ta karɓa ta sa a jakar aikinta, ba ta faɗi dalili ba, ba a kuma tambaye ta ba.

Za a yi zaman makoki na kwana uku daga gobe, a cikin jirgi, a kan ruwa. Mai Fito zai karɓi gaisuwa a bencin baya, a kan matashin nan mai taushi, wanda aka ɗauko daga kujerar ɗakin da ke kallon katanga aka ɗaure da igiya. Ana gode wa dillali bisa tattakin da ya yi, ana kuma sanar da shi cewa ba a buƙatar baro. Masu cewa tsoho ya hau tudu an keɓe musu bencin gaba, inda ruwa ya fi fantsama.

Jirgi zai tashi ƙarfe bakwai daidai, da zarar Uwata ta matsa an ji ƙut. Wanda ya makara sai ya yi ta'aziyyarsa daga gaɓa, ya kuma ɗaga murya sosai, don injin na da ƙara.